Ta kama ɓarawo, ta ƙare da yi masa godiya

Littafin da marubucinsa bai iya ba, ba ya ɓata mini rai. Rufe shi nake yi in nemi wani. Wanda ke tafasa mini zuciya shi ne wanda ya damƙi gaskiya a wuya, mai karatu ya gyara zama, sai kuma ya sassauta hannu ya shiga ba ta haƙuri. Starters, littafin farko na marubuciyar Amurka Lissa Price, wanda ya fito a 2012, yana cikin irin waɗannan. Rabinsa na farko ya hana ni barci. Rabinsa na biyu ya bar ni da ɗacin wanda aka yi wa wayo da rana tsaka. Tun da wuri in faɗa, zan tona ƙarshen labarin, domin a ƙarshen ne laifin yake.

Ga duniyar da ta gina. An yi wani yaƙi a nan gaba, aka saki ƙwayar cuta a kan Amurka. Rigakafin bai wadata ba, sai aka fara da waɗanda ake ganin sun fi rauni, wato yara da tsofaffi. Duk wanda ke tsakanin shekara 20 da 60 ya mutu. Aka wayi gari babu uwa babu uba, daga jikoki sai kakanni. Tsofaffin kuwa likitanci ya ja musu kwana, suna haura shekara 100 da sauran ƙarfinsu. Kuɗi nasu, ƙuri'a tasu, aiki nasu. Suka yi doka suka haramta wa yara yin aiki don kada su ƙwace musu abin yi. Yaron da ke da kaka a raye, an karɓe shi, yana cikin inuwa. Wanda ba shi da kowa, doka ba ta san shi da komai ba sai laifi: a kangon ofisoshi yake kwana, jami'an tsaro na farautarsa, in an kama shi a kulle a gidan tsare yara.

Callie Woodland, 'yar shekara 16, tana cikin marasa kowa. Tana riƙe da ƙanenta Tyler, ɗan shekara 7, mai ciwo. A unguwar masu hannu da shuni ta Beverly Hills akwai wani kamfani, Prime Destinations, da ke ba da hayar jikin matasa ga tsofaffi. A dasa maka wata 'yar na'ura a kai, a sa ka barci, tsoho ya kwanta a kujera a haɗa shi da kwamfuta, ya farka a cikin jikinka. Ya yi rawa da ƙafarka, ya ci abinci da bakinka, ya yi wasan motsa jiki da gwiwar da ba ta san ciwon sanyi ba. In wa'adi ya cika a maido maka da kayanka, a biya ka. Callie ta sa hannu a kan haya uku.

A nan dole in cire wa Price hula. Ba a ɗaure Callie da igiya aka kai ta ba. Da ƙafarta ta je, aka tarbe ta da fara'a, wani dillali mai suna Tinnenbaum ya shimfiɗa mata takarda, ya karanta mata ƙa'idojin da aka ce suna kare ta. Babu bulala, babu tsawa. An dai riga an toshe mata kowace ƙofa, ta aiki da ta makaranta da ta asibiti, aka bar guda ɗaya a buɗe, sannan aka ce ai ita ta zaɓa. Wannan shi ne mafi ingancin abu a littafin, domin haka zaluncin zamani yake tafiya. Yana da takarda, yana da lauya, yana da sa hannun wanda aka zalunta. Akwai wurin da ta farka daga haya ta tarar da rauni a hannunta, ba ta san inda ta samo shi ba, ba ta san abin da aka yi da ita ba, aka gyara fatar aka ce komai lafiya. Wanda ya karanta wannan bai ji tsikar jikinsa ta tashi ba, to ya duba zuciyarsa.

Kuma ba tatsuniya take yi ba. Shekara huɗu da fitowar littafin, a 2016, wani kamfani mai suna Ambrosia ya buɗe a Kalifoniya yana ƙara wa manya ruwan jinin matasa 'yan shekara 16 zuwa 25, a kan dala 8,000, da sunan rage tsufa. Sai a watan Fabrairun 2019 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta fito ta yi gargaɗi cewa babu hujjar yana da amfani. Ita kanta Amurkar tana cikin ƙasashe ƙalilan da ake biyan mutum kuɗi ya ba da ruwan jini, har sau biyu a mako, kuma ita ce ke ciyar da kasuwar duniya da mafi yawansa. Ba attajirai ne ke bin layin ba. A Indiya, daga 2002, hayar mahaifa ta zama sana'a, garin Anand na jihar Gujarat ya yi suna a kai, matan talakawa suna ɗaukar cikin baƙi daga ƙasashen waje, har gwamnati ta hana baƙin a 2015, ta kuma haramta cinikin da doka a 2021.

Mu ma ba mu tsira ba. A 2022 aka kai wani saurayi ɗan shekara 21, mai tallar kayan waya a baro a Legas, zuwa Landan domin a cire masa ƙoda a dasa wa 'yar tsohon mataimakin shugaban majalisar dattawan Najeriya, Ike Ekweremadu. Aka gabatar da shi a asibitin Royal Free a matsayin ɗan'uwan yarinyar, aikin kuwa na fam 80,000 ne. Likita ya lura yaron bai ma fahimci abin da za a yi masa ba, ya ƙi. Yaron ya gudu, ya kwana a titi, ya shiga ofishin 'yan sanda a garin Staines yana kuka. A watan Mayun 2023 kotu ta ɗaure Ekweremadu shekara 9 da wata 8. Uba ne mai 'ya marar lafiya, babu mai musun ciwon da ke ransa. Amma da ciwon ya tashi neman magani, jikin ɗan talaka ya nufa.

To wannan ce taskar da Price ta tono. Me ta yi da ita?

Da farko ta mayar da mai karatu abokin cinikin kamfanin. Kafin a ba da Callie haya sai da aka yi mata gyaran jiki, aka goge tabo, aka gyara gashi, aka murje fata har ta kusa kasa gane kanta a madubi. Wannan shiri ne na kayan sayarwa, ya kamata ya tayar da zuciya. Sai aka rubuta shi da zumuɗin ranar kwalliyar amarya. A haya ta uku, ta wata guda, na'urar ta samu matsala, Callie ta farka a wani gidan rawa a cikin rayuwar wadda ta yi hayarta. Daga nan sai mota mai tsada, katafaren gida, mai aiki, ɗaki cike da sutura, da kyakkyawan saurayi jikan sanata mai suna Blake. Shafi bayan shafi ana lasa mana wannan daula, ƙanenta marar lafiya yana can yana jira. Kamar a ba mai girki cinyar rago ne, ta duba yawan baƙi, ta tsuga ruwa a tukunya don miyar ta isa kowa.

Sannan ga Helena Winterhill, wadda ita ce ainihin abin da ya hana ni yafe wa littafin. Helena ce tsohuwar da ta yi hayar jikin. Jikarta Emma ta shiga kamfanin ta ɓace, ita kuma ta gano cewa Sanata Harrison na shirin miƙa wa kamfanin yaran gidajen tsarewa, a daina haya a koma sayarwa ta dindindin. Sai ta yanke shawarar kashe sanatan. Da hannun wa? Ta zaɓi Callie ne musamman don mahaifinta ya koya mata harbi. Ta sa aka taɓa na'urar aka cire abin da ke hana kisa. A tsaya a dubi wannan da kyau. Tsohuwa tana kwance a kujera lafiya lau, yatsan da zai ja kunamar bindiga na marainiya ne, fuskar da kyamara za ta ɗauka tata ce, wuyan da doka za ta nema nata ne. Duk wanda ya taɓa ganin zaɓe a Najeriya ya san wannan tsari. Mai gida yana falo, ɗan wani yana bakin rumfar zaɓe da gora, kuma in an zo kama mutane ba a falon ake farawa ba.

Wurin da su biyun suka fara zama a jiki ɗaya, muryar Helena na magana a cikin kan Callie, jiki na suɓucewa daga wannan zuwa waccan, yarinya ta dawo hayyacinta ta tsinci bindiga a hannunta, nan ne littafin ya kamata ya zauna ya yi ta tono. Me bawa zai ce da ubangidansa in an kulle su a ƙoƙon kai ɗaya, babu mai iya fita? Yaya ake ƙin mutumin da ke ji da kunnenka, yake gani da idonka? Me ake bin wadda ta zo ta cuce ka, alhali ita ma an cuce ta? Da wannan kaɗai marubuci zai cika littafi. Price ta bi ta kai a guje. An ɗan yi musu, an ɗan yi fushi, sai ga su sun zama abokan gwagwarmaya. Aka kashe Helena kafin a kai ga ranar da za ta tsaya ta amsa tambaya. Sai wasiyya ta fito: ta bar wa Callie rabin dukiyarta. Shi ke nan, an wanke ta tas. Wadda ta yi niyyar ɗaukar ran marainiya ta yi jifa da shi ta koma uwar ɗaki mai alheri, mu kuma ana son mu share hawaye mu ce Allah ya ji ƙan rai.

Na ƙi. Gado ba tuba ba ne. Mai kuɗin da ya bar maka abin da ba zai iya tafiya da shi kabari ba, bai ba ka komai daga jikinsa ba, alhali shi naka jikin ya ɗauka.

Haka aka yi da Blake. A ƙarshe ya bayyana cewa saurayin da Callie ta faɗa wa so ba shi ne a cikin jikinsa ba. Mai kamfanin ne, wanda ake kira Tsoho, wanda ke ɓoye fuskarsa a bayan wani abin rufe fuska mai sauya kamanni. Shi ne ya riƙa hira da ita, yana kama mata hannu, yana yi mata kalaman so da bakin wani yaro. A matsayin dabarar labari, ta kama ni, ban hango ta ba. Amma abin da aka aikata a nan ta'asa ce a kan yara biyu: yarinyar da aka yaudara, da yaron da aka sace wa jiki aka yi soyayya da shi ba da saninsa ba. Littafin ya ɗauke shi a matsayin karayar zuciya, irin ta wadda saurayi ya yaudara. Tambayar da aka bar mai karatu da ita wai ita ce, ko Blake na gaskiya, wanda bai ma san ta ba, zai so ta? Ga kuma Michael, abokin wahalarta, an ajiye shi a gefe don a cika samari biyu. Ba a rasa dalili ba. The Hunger Games na Suzanne Collins ya fito a 2008, fim ɗinsa ya fito a watan Maris na 2012, watan da Starters ya shiga kasuwa, Divergent na Veronica Roth kuma ya riga shi da shekara ɗaya. Kasuwa ta riga ta yanka ma'auni: yarinya ɗaya jaruma, samari biyu, mugu ɗaya, da ƙofa a buɗe don littafi na gaba. Na gaban kuwa ya zo, Enders, a 2014.

Shi mugun guda ɗaya ma wata hanyar gudu ce. Littafin ya fara da nuna mana al'umma sukutum da ta yarda a bar marayu da yunwa: masu yin doka, masu jefa ƙuri'a, masu haya, da masu kau da kai. Ya ƙare da tattara laifin duka ya ɗora wa mutum ɗaya marar fuska. Aka rufe kamfanin, shi ya tsere, saura kowa ya koma gida da hannu fari. Tsofaffin da suka biya kuɗi suka shiga jikin 'ya'yan mutane sai ga su a sahun masu ceto, wai ba su san abin ya kai haka ba. Dokar hana aiki tana nan. Gidajen tsare yara suna nan. Yunwar da ta kai Callie ofishin Tinnenbaum tana nan daram, kuma muddin tana nan, gobe wani zai buɗe shago da sabon suna.

Har ila yau an bar jaki ana dukan taiki. An tallata littafin a kan rikicin tsofaffi da yara, alhali shi da kansa ya ƙaryata hakan. Blake yaro ne, amma yunwa ba ta kai shi ofishin haya ba, don kakansa sanata ne. Emma ba don abinci ta je ba. A ɗaya gefen, tsofaffi ne ke gadi, su ke hidima a gidajen wasu tsofaffin, kuma babu mai aikin da zai iya biyan hayar jiki ko na yini ɗaya. Layin da ya raba duniyar nan ba furfura ba ce, aljihu ne. Ita marubuciyar ta gani, tunda ita ta rubuta, amma faɗan jika da kaka ya fi sauƙin sayarwa ga matasa fiye da faɗan mai shi da marar shi. Na farkon yana sa yaro ya ji shi ne mai gaskiya don kawai yana yaro. Na biyun zai sa ya tambayi wace ce ke wanke kwanukan gidansu, shekararta nawa, kuma hannun wa kuɗin aikinta ke shiga.

Akwai yarinya ɗaya da ban iya mantawa ba, Sara, ƙarama, a gidan tsare yara. Babban burinta a duniya shi ne kamfanin ya zaɓe ta, domin a wurinta a ba da jikinta haya ci gaba ne a kan inda take. Babu jimla a littafin da ta kai wannan nauyi. Sara ta mutu wajen taimakon Callie ta tsere. Aka yi mata makokin shafi kaɗan, labari ya wuce, Callie da ƙanenta suka tare a gidan Helena. Ashe ita ma marubuciyar ta yi da Sara abin da kamfanin ke yi: ta ɗauki jikin wadda ba ta da kowa ta yi amfani da shi, da buƙata ta biya ta ajiye.

Na san abin da za a ce: littafin matasa ne, a sassauta. Wannan uzuri ya fi laifin muni. Matashi ne ya fi kowa buƙatar a gaya masa gaskiya a kan wannan batu, don shi ne hajar. Shi dillali ke nema da alkawarin aiki a ƙasar waje, shi ake kai wa takarda a ce sa hannu a nan. In ka rubuta masa littafi ka nuna masa tarkon dalla-dalla, sannan ka ce mafita ita ce ya yi sa'ar faɗawa hannun attajira mai taushin zuciya, ka koya masa jiran tsammani, ba ka koya masa tsaro ba. Kuma ba dole ne labari irin wannan ya ƙare da biki ba. Kazuo Ishiguro, a Never Let Me Go na 2005, ya rubuta yaran da aka raina don a riƙa cire musu sassan jiki. Babu wasiyya, babu mugu ɗaya da za a kora, babu wanda ya zo ceto. Malamansu masu kirki ne, kuma kirkin bai hana komai ba. Mai karatu yana rufe littafin da sanin cewa shi ma yana cikin masu cin moriyar. Ban ce Price ta zama Ishiguro ba, kowa da ƙarfinsa. Cewa na yi kada ta tayar da tambayar da ba ta da niyyar tsayawa a gabanta.

Duk da haka ba zan hana kowa karanta shi ba. Yana da gudu, ba ya gajiyarwa, kuma babukan farko sun fi laccoci da yawa bayyana yadda ake sayen mutum da yardarsa. A ba matasa su karanta, amma a zauna da su bayan sun gama. A tambaye su yaran nawa ne suka samu wasiyya, nawa aka bari a kangon. A tambaye su ko da Helena ta yi nasarar harbin, wa za a kama. Littafin da ya san amsoshin nan ya ƙi faɗa bai cancanci a kira shi mai ƙarfin hali ba, komai yawan kwafin da ya sayar. Lissa Price ta ga yadda ake cinikin jikin talaka, ta kwatanta shi daidai, sannan da lokacin yanke hukunci ya zo ta tsaya a gefen mai saye.